Wutar Daji Ta Koro Mu, Ta Gari Ta Tarbe Mu

 Ina yi mana barka da shigowar hunturu. Ga hazo ya rufe sama, leɓɓa sun soma tsagewa, masu man kaɗe a Kasuwar Malam Atta sun soma ciniki, ƙofar da ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa yanzu ta saki da kanta. Mata suna murna wanki yana bushewa tun kafin azahar. Ni kuwa da zarar wannan iska ta kaɗa sai barcina ya ragu. Nakan farka da tsakar dare ina shinshina, in fito tsakar gida in duba sama, in duba wayoyin lantarki. Uwargidana takan ce, "Malam, dawo ka kwanta, mai koko ce ta hura wutarta." Gaskiyarta. Amma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni sau biyu ya sare ni, kuma a na biyun da hannuna a ciki. Abin da nake so in gaya muku ke nan.

A shekarar 1983 ina da shekara 11, muna zaune a zangon wani ƙauye tsakanin Techiman da Wenchi, a jihar da ake kira Brong Ahafo a wancan lokaci. Baba fataucin goro yake yi. Yakan ba manoma kuɗi tun goro bai nuna ba, idan sun sauke su biya shi da kaya, a ɗaure huhu a loda a mota zuwa Kumasi ko Ankara. Kusan duk jarinsa yana hannun mutane, yana rubuce da ajami a wani ɗan littafi mai baƙin bango.

Daminar 1982 ba ta yi albarka ba, hunturun da ya biyo ta kuwa ya yi tsawo ya yi tsanani. Rafin da muke ɗiban ruwa ya ƙafe. Ganyen da ke ƙarƙashin itatuwan koko da goro, wanda kullum yake da laima, ya bushe har yana ƙara in an taka. Dattawan Tonawa suna cewa wuta ta ciyawar arewa ce, kurmi ba ya cin wuta. A wannan shekara ya ci. Ba wanda ya san inda tamu ta taso, domin masu kunna ta suna da yawa: mai farautar gyazbi da gafiya, mai shiga zuma, mai tatsar bammi da ke kai wuta gindin kwakwa, manomi mai share gona, da mai jefar da guntun taba. Duk shekara suna yin haka ba a ga komai ba. A shekarar ce ƙasa ta bushe ta yadda ƙaramar wuta ba ta tsayawa inda aka ajiye ta.

Abin da ba na mantawa shi ne ƙararta. Tun ba mu gan ta ba muka ji ta kamar manyan motoci sun jeru suna tahowa. Baƙar toka ta riƙa sauka a tsakar gida, rana ta koma ja kamar garwashi. Maza, Tonawa da Hausawa da Mosawa da Dagarti, ba wanda ya tambayi wani yarensa, suka fita da adduna suka share fili kewaye da gari, suka kunna wata wutar daga bakin filin don ta je ta tarbi mai zuwa. Mu yara aka ba mu ɗanyen ganye muna bugun tartsatsin da ya tsallako. Gari ya tsira, gonaki suka tafi. Bayan kwana uku Baba ya ɗauki littafinsa ya zaga wurin manoma. Da ya dawo bai ce komai ba sai da aka yi isha'i, sannan ya ce wa Mma, "Wanda zan bi bashi shi ma toka yake kallo." Ya sa littafin a akwati, bai sake buɗe shi ba. Itacen goro yakan ɗauki shekaru kafin ya soma 'ya'ya, jarin talaka kuwa ba ya iya wannan jira.

Manyanmu sun san sauran labarin. A watan Janairu na wannan shekara gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida suka iske gonaki a ƙone. Yunwa ta shigo. Aka riƙa layi a kan ɗanyen dokunu tun kafin a dafa shi, aka ci jar masarar agaji, ƙasusuwan wuyan mutane suka fito har aka sa musu suna sarƙar Rawlings. Ruwan Akosombo ya ja baya, lantarki ya zama na rabo. Azumi ya kama a watan Yuni, muka yi shi ba mu san da me za a sha ruwa ba. Bayan wannan masifa aka yi dokar hana ƙona daji, aka sabunta ta a 1990 da dokar PNDC mai lamba 229, wadda ta ce a kafa ƙungiyoyin 'yan sa kai masu kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka. Da na koma yankin bayan shekaru, sai na ga kashu ya cika wuraren da na sani da koko da goro.

Da shekara ta juyo muka tattara muka zo Ankara, wani ɗan'uwan Baba ya sama mana ɗaki ɗaya a Nima. Ranar da muka sauka Baba ya dubi rufin kwano jere har iya ganin ido, ya ce, "Alhamdu lillahi, nan dai babu daji." Mma ta samu gefen rumfar wata Hajiya a Kasuwar Malam Atta, ta soma da faranti ɗaya na wake tana aunawa da olonka. Da wannan olonka aka biya mini kuɗin makaranta, aka aurar da ƙannena biyu. Yau ƙanwata ce ke zaune a rumfar, ni nake yi mata lissafi.

Mma ba ta yarda da maganar Baba ba. Takan ce kasuwa ma daji ce, sai dai itatuwanta an riga an sare an busar. Ku dubi kowace kasuwa tamu da idon wanda ya taɓa ganin gobara: katako da tamfol da kwali da leda, jarkokin manja da man gyaɗa, buhunan gawayi, tukwanen gas na masu waakye da tuwo, sannan ga wayoyin lantarki a sama sun sarƙe kamar saƙar gizo. Mma ce ta ƙarshen tashi a layinsu. Sai ta bi kurfoti ɗaya bayan ɗaya ta sa bayan hannunta a kan toka, in ta ji ɗumi ta yayyafa ruwa. Ba ta taɓa barin ko sidi ɗaya ya kwana a rumfa ba. Matan layin suna yi mata ba'a suna kiranta 'yar kwana-kwana, tana dariya tana ci gaba da abinta har ƙarfinta ya ƙare. Allah ya jiƙanta.

To, ɗan wannan mata ne ya yi abin da zan faɗa. Da iyali suka yi yawa, sai na buɗe ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gidan hayarmu. Shago ya yi kaɗan, na kira kafinta ya ƙara mini rumfa ta katako zuwa cikin lungu, taku biyu kacal, na zuba dakalin siminti a gabanta. Ban ga laifi ba, domin na gaba da ni ya ajiye kiyos, na bayansa ya fitar da banɗaki, wata ta kafa murhu. Lungun da a ƙuruciyata motar kaya take shiga ta juya, ya koma sai mutum biyu su yi kafaɗa da kafaɗa. Ba wanda ya ci lungun shi kaɗai. Kowa taku biyu ya ɗiba.

A hunturun farkon 2015, lokacin da dumsor ya addabi ƙasa, wani tela da ke haya a gida na huɗu daga namu yana guga aka ɗauke wuta. Ya jira bai ga ta dawo ba, ya kulle ɗaki ya tafi kwana wurin ɗan'uwansa, ya manta dutsen guga a jone a kan tebur. Wajen ƙarfe biyu na dare wuta ta dawo. Ihun "Gobara! Gobara!" ne ya tashe mu. An kira 'yan kwana-kwana, kuma sun zo, ina ganin fitilar motarsu tana walƙiya a bakin babban titi. Nan ta tsaya. Aka jawo mesa ta cikin lungu, ta zo kwanar da rumfata take ta lanƙwashe a jikin dakalina, ga jama'a masu gudu da kaya sun cushe wurin da masu kawo bokiti. Samari suka sa taɓare da ƙafa suka karya rumfar, ina tsaye ina kallo. Kafin hanya ta buɗe ɗaki uku sun tafi.

Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma a ɗaki na uku akwai wata gwauruwa mai sayar da masa, wadda ta shekara shida tana tara wa 'yarta kayan aure: atamfofi, kwanuka, katifa, keken ɗinki. Saura wata biyu biki. Da gari ya waye na gan ta tana tona toka da sanda, tana fito da murafen kwanuka da suka lanƙwashe tana jerawa a gefe. Ba ta yi kuka ba. Na tuna Baba da littafinsa.

Kowa ya ɗora wa tela laifi, har ya bar unguwa don kunya. Ni kuwa jaje aka riƙa zuwa yi mini. "Malam, ashe rumfarka ta tafi? Allah ya mayar da alheri." Ita kanta mai masar ta zo ta yi mini jaje. Na karɓa, na ce amin. Ban gaya wa kowa ba cewa na ga inda mesa ta maƙale. Ban san ko minti nawa dakalina ya ci ba, kuma ban san ko da babu shi ɗakinta zai tsira ba. Wannan rashin sanin ne yake tashina da dare. Abin da ya fi wannan muni, bayan wata takwas da na ga ciniki ya ja baya, sai na sake kiran kafinta. Na ce masa taku ɗaya kawai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A cikin waɗannan shekaru gobara ba ta bar mu mun manta da ita ba. Kantamanto ta ƙone a watan Mayu na 2013. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ana tsakiyar ruwan sama da ambaliya, gidan mai ya kama a Circle, nan kusa da mu, mutum fiye da 150 suka rasu, abin da ya nuna mana cewa wuta ba ta jiran hunturu kullum. A watan Oktoba na 2017 gas ya fashe a Atomic Junction ta wajen Madina. Wani bene a Makola ya ci wuta a Yulin 2021, sabuwar kasuwar Kejetia ta Kumasi a Maris na 2023, Adum kuma a Maris na 2025. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ga irin wannan a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021. Kowane lokaci mukan ce inna lillahi, mu yi kwana uku muna maganar, mu koma inda muke.

Ranar Alhamis 2 ga Janairu, 2025, na shiga Malam Atta da sassafe don mu rufe lissafin shekara da ƙanwata. Na iske kasuwa shiru, mata sun taru biyu-biyu uku-uku a kan waya. Kantamanto ce ta sake kamawa cikin dare, mafi yawanta ta tafi, dubban masu gwanjo da teloli da 'yan kaya sun wayi gari ba su da komai. Wani yaron lungunmu yana cikinsu, ya ci bashi ya sayi dila biyu bai ko kwance ɗaya ba. Ƙanwata ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon wayoyin da suka ratsa saman rumfarta, sannan ta ce, "Yaya, in ta tashi a nan, ta ina mota za ta shigo?" Ita kasuwa take nufi. Ni kuwa sai na ji kamar ta leƙa cikina.

Bayan kwana biyar muka ga wutar daji ta shiga birnin Los Angeles na Amurka, busasshiyar iska tana kora ta, ta cinye gine-gine fiye da 16,000. Wani a majalisarmu ya ce, "Kun gani? Masu jiragen kashe wuta ma ta gagare su, balle mu. Gobara daga kogi, maganinta sai Allah." Na yarda Allah ne mai tsarewa. Amma tamu ba daga kogi take zuwa ba. Daga siririyar wayar da aka ɗora wa firji da hita da dutsen guga take zuwa, wayar ta yi zafi, robarta ta narke. Daga kyandir da aka kafa a kan katako take zuwa, da maganin sauro da aka kunna kusa da katifa, da tiyon gas da ya tsufa ya tsage. Malamanmu suna karantar da mu cewa wani gida ya taɓa ƙonewa a Madina da dare, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mutane su riƙa kashe wuta in za su kwanta. Wanda ya fi kowa tawakkali ke nan. Mma ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma da wannan horon ta yi aiki duk rayuwarta.

A ƙarshen wannan wata na cire rumfar, na sa aka fasa dakalin. Ba zan ɓoye muku ba, ciniki ya ragu, domin kayan da ba a gani daga nesa ba a tsayawa saye. Ba a yi mako biyu ba kuma wani ya zo yana auna wurin da ido zai ajiye tebur. Dole na je wurin liman da mai unguwa na faɗi abin da na ɓoye shekara goma. Liman ya yi shiru, ya ce, "Malam, ka je ka gaya mata." Na je. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, ai na gani tun a daren. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Har yau lungunmu bai buɗe duka ba. Mutum uku sun ja da baya, huɗu sun ce sai kowa ya ja. Muna nan muna lallashi.

Saboda haka ina roƙon jama'a, tun iska ba ta yi ƙarfi ba. In an ɗauke wuta, a zare dutsen guga da hita da murhun lantarki nan take, kada a ce sai an jima. A kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa ya duba wayoyin gida da na rumfa, kuɗinsa bai kai na katifa ɗaya ba. In an ji warin gas kada a kunna fitila ko ashana, a rufe kan tukunya a buɗe ƙofa da taga, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Wutar mai da ta lantarki ba a zuba musu ruwa: ta mai a rufe ta da murfi ko a zuba yashi, ta lantarki a fara kashe ta daga mita. Kowane layi a kasuwa ya yi karo-karo ya sayi tukunyar kashe gobara, a koya wa mata da masu gadi yadda ake nufar gindin wuta da ita. A koya wa yara lambar 'yan kwana-kwana, 192 ko 112, kuma a kira su tun wuta tana ƙarama. Kuɗin adashe da na jari kada su kwana a rumfa.

Ga sarakunan zango da limamai da magajiyoyi da shugabannin kasuwa, ku iyayenmu ne, maganarku ake ji. Ku zaga lungunan nan da ƙafa, ku tsaya a kowace kwana ku tambayi kanku abin da ƙanwata ta tambaye ni. A ƙauyenmu a 1983 filin da aka share kewaye da gari shi ya tsirar da mu, kuma sai da kowa ya sa addarsa aka share shi. A Nima da Maamobi da Malam Atta lungu shi ne wannan fili. Mai taku biyu a cikinsa, ya san kansa kamar yadda na san kaina.

Allah ya kiyaye mu da gobarar dare da ta rana, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin. Wassalamu alaikum.